Saniyar Littafi na Huɗu

A wani hutu na kai 'yata gida Birnin Gwari, lokacin tana aji biyu na firamare. Ta taho da jerin littattafanta masu hotuna, labarin wata farar saniya mai yawon tsiya. Ta karanta uku a Kaduna, na ukun ya ƙare saniyar tana tsaye a bayan motar itace. Na huɗun ta ce sai a gidan kakanta.

Mahaifina ya karɓe su tun ranar da muka sauka, wai sai ya duba ko sun dace da yara. Dubawar ta koma gindin mangwaron ƙofar gida, inda yake zama da amininsa, wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa. Baffa ya baro rugarsa a bakin daji ya dawo gari bayan an kore masa garke. Bai yi boko ba, amma hoton saniya ba ya buƙatar tafinta.

Ukun farko sun wuce ana dariya. A na huɗu Baffa ya tsuke fuska, ya ce wannan ba ita ba ce. Waccan tana da baƙin tabo a ƙarƙashin idon hagu, wannan kuwa fuskarta fes, ke nan an sace waccan an kawo wata. Mahaifina ya ce wataƙila wanka aka yi mata. Na ce mai zanen ne ya manta. Baffa ya dube ni da tausayi, ya ce ba a manta fuskar saniya.

Littafin ya zama shaida. Duk wanda ya zo wucewa, har mai faci da ladanin unguwa, sai an buɗe masa na ɗaya da na huɗu ya faɗi ra'ayinsa. Hutu yana ƙarewa, mai littafi ba ta san ko saniyar ta sauka daga motar ba.

Ta je ta tsaya a gabansu. "Kaka, littafina."

"Amarya, yi haƙuri, ana kan bincike," in ji mahaifina.

"Angon da ke ƙwace littafin yara? Na fasa auren."

Ana gobe za mu koma, suka tafi sallar la'asar suka bar littattafan a kan tabarma. Ta ɗauki birona, ta bi na huɗun shafi-shafi tana ɗiga wa saniyar tabo a ƙarƙashin idon hagu. Biron shuɗi ne.

Da Baffa ya dawo ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ga shuɗin, mu ma mun ga ya gani. Ya shafa hoton da babban yatsa.

"To, alhamdu lillahi, ta dawo."

Ya miƙa mata littafin, ya matsa mata wuri a tabarma. Ya ce ta karanta da ƙarfi, shi ma yana so ya ji inda motar ta sauke ta.