Takkai Babu Ganga

Shekarar da aka ba mu jiha kowane gari so yake a san da shi, har gasar rawa aka riƙa yi bayan kaka tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi. Mu 'yan Kaura takkai muke yi. Rawar maza ce: a yi da'ira, kowa da gajeriyar sanda, ka buga da na gabanka, ka juya ka buga da na bayanka. In ka makara wurin juyawa, goshinka ne zai karɓi sandar. Nawa goshin ya sha ta ba adadi, amma rawar ta ba ni ƙafa da dogon numfashi, ta kuma rage mini faɗa, don a da ba na kwana biyu ban ci kwalar wani ba.

Wanda ke bayana a da'ira kawuna ne, yayan mahaifiyata, manomin gero, shi ya koya mini riƙon sanda. Bayan la'asar muke gwaji a wani fili bayan tashar jirgi, a nan na gano abin da yake ɓoyewa. Kunnensa ya tafi, ba ya jin ganga sam. Kafaɗata yake kallo, da ta motsa sai ya juya.

Na yi shiru da maganar, har 'yan Zurmi suka cinye mu sau biyu a jere. Abin ya tsaya mini a rai. Ko a gona nake, ƙafata ba ta daina lissafin taku, in na zauna cin tuwo sai in miƙe ban ƙoshi ba. Na ɗora wa Kawu laifin duka, don duk sa'ar da makaɗi ya ƙara wuta, dole in ja ƙafa saboda shi. Ran nan ana hutawa na ja shugabanmu gindin bishiyar bedi na zayyana masa komai. Kawu na can nesa yana shan ruwa a buta. Shugaba ya jinjina kai, ya ce a bar shi ya ƙarasa makon, sai a sa wani matashi a gurbinsa. Ban ji kunya ba a lokacin, daɗi ma na ji.

A shekarar ce, shekara uku da samun jiha, aka ƙaddamar da Shari'a. Babu wanda ya zo ya hana mu, amma saura kwana tara gasar Shinkafi makaɗinmu ya rataye gangarsa ya ce ya tuba. Mun roƙe shi har ta bakin surukinsa, ya ce ko kusa. Sauran makaɗan garin kuwa kowa ya noƙe yana jiran ya ga inda iska za ta kaɗa.

Muka gwada rawa babu ganga. Kai, ranar an sha sanda. Wannan ya juya, wancan bai juya ba, mutum uku suka koma gida da ƙulu a goshi, ni ina ta masifa kamar ni na haifi kowa. Mutum ɗaya ne takunsa bai canja ba. Kawu na nan yana dukan ƙasa da diddige, daidai wa daida, don shi dama shekara da shekaru babu ganga yake rawarsa. Shugaba ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce kowa ya ɗauki taku daga na gabansa, a faro daga Kawu. Aka mayar da ni bayansa. Maganar sallama ba wanda ya sake tayarwa, na ɗauka ta mutu.

A bayan a-kori-kura muka tafi Shinkafi, ana ta raɗe-raɗin cewa daga wannan an gama gasar rawa. Sauran sun zo da makaɗansu. Da muka shiga fili hannu ba ganga aka yi mana dariya, amma ba a jima ba wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin sanduna da diddige. Idona bai bar kafaɗar Kawu ba. Sai a ranar na san wahalar abin: ba ka isa ka ƙifta ba.

Mun zo na biyu, Zurmi suka sake ɗauka, amma a karon farko ban ji zafi ba. Na je wurin Kawu da murnata, ina ɗaga murya ina ce masa shi ya fitar da mu kunya. Ya share gumi, ya miƙo mini sandarsa.

“Riƙe, ɗana. Ni na gama,” ya ce. “Kunne na yat tahi, ba ido ba. Na ga bakinka ranad da kah hwaɗa ma Shugaba gindin bedi.”

Ya hau mota ya zauna can gaba. Har muka iso Kaura ina bayansa, ina kallon kafaɗarsa, bai juyo ba.