Amawalin Madugu Agali da Hular Bature

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Sule Akawu, wanda aka ce daga Kano har iyaka babu mai Turancinsa, ya kusa kashe mana gida da magana guda ɗaya ba. Ku da kamfani ya ɗauka bana, tunda na ga kowannenku ya maƙala alƙalami a kunne yana taku kamar shi ya kafa kasuwar, ku zauna ku ji.

Wata Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, a kaka ta biyu bayan Turawa sun gama yaƙinsu. Lokacin kamfaninmu na sayen fatu da ƙiraga bai gina kanti ba, rumfa ce kawai a ƙofar gidanmu. Tsarin aikin kuwa kamar na yau ne. Manaja yana Kano, ba wanda ya taɓa ganinsa. Ƙarƙashinsa akwai Baturen rangadi, muna kiransa Mai Lofe saboda lofen shan taba da ba ya rabuwa da bakinsa, shi ke zagaya Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da nan a kan doki. Sai akawu, sai mai sikeli, sai masu zaɓen fata. Can ƙasa, kusa da jakin ɗaukar ruwa, sai tafinta. Ni ce wannan.

Babana fatoma ne, wato mai saukar fatake: ya ba su masauki, ya tsare kayansu, ya tsaya musu a ciniki. Mahaifiyata Buzuwa ce daga Damargu, a bakinta na sha Buzanci. Na sauke allo, na shiga littattafai, ina rubuta ajami. Faransanci kuwa na tsince shi a zaurenmu wurin tsofaffin soja da 'yan duwan, masu tsaron kaya a iyakar Faransa. Da aurena ya mutu na dawo gida, na tarar idon Baba ya yi rauni, sai na zama bakinsa. Haka kamfani ya same ni.

Babban baƙonmu shi ne Madugu Agali, wani dattijon Buzu. Shekara ashirin da wani abu yana gurfanar da raƙumansa a bayan gidanmu. Inda ya sauka, nan sauran madugan arewa ke sauka. Duk ranar da ya tashi cikin fushi, gidan Baba zai zama kango. A shekarar nan wani kamfanin Faransa a Damagaram yana ta zawarcinsa, shi ya sa Mai Lofe ya taso da kansa don a ƙulla alkawari ya riƙa kawo mana fatunsa duka.

Saura mako biyu Madugu ya iso aka turo mana Malam Sule daga Kano, da farin takalmi da laima. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce tafintar? Kina jin Turanci?"

"Ba na ji, Malam. Madugu ma ba ya ji. Raƙuman dai ban tambaye su ba."

"To daga yau ki koma wurin zaɓen fata. Maganar manya sai wanda ya yi makaranta."

Na koma. Mutum ya zo da laima a watan da ba a ruwa, ai ba a musu da shi.

Ranar da aka sa, da hantsi, aka shimfiɗa wa Madugu buzu a rumfa, Baba na gefensa. Ni ina baya cikin fatu, ina shan wari ina kallo. Mai Lofe ya sauko daga doki, ya cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu, ya tsaya a bakin rumfa cikin rana. Madugu kuma ya kai hannu ya ja amawalinsa, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki, ya ɗaga shi har ƙarƙashin ido.

Bature ya yi wa akawu tambaya. Daga baya na ji cewa ya yi, me ya sa mutumin ya ƙara rufe fuska? Malam Sule, da yake masani ne, bai ɓata lokaci wurin tambayar kowa ba. Ya ce ai irinsu haka suke, in suna da abin ɓoyewa. Bature ya ce to shi yana son ganin fuskar wanda zai ƙulla magana da shi. Malam Sule ya gyara murya, ya juyo da Hausarsa tsantsa, wadda duk kasuwa ta ji.

"Madugu, Bature ya ce ka sauke rawanin nan daga bakinka. Ba a ciniki da mu a ɓoye."

Fassara ce mai kyau. Ban ga inda ya rage ko ya ƙara ba.

Madugu ya yunƙura. Ya miƙe, ya gyara takobinsa, ya faɗa wa mutanensa kalma biyu da Buzanci, ya zagaya bayan gida. A duk rumfar ni kaɗai na san ya ce a ɗaura kaya. Malam Sule kuwa ya yi wa Bature murmushi, ya sanar da mu cewa Madugu ya tafi shawara.

Ba a jima ba raƙuma suka fara ruri. Baba ya karkata kunne.

"Hajara, wannan ba kukan raƙumin da ake aza wa kaya ba ne?"

"Shi ne, Baba."

Sai na ga carbi ya tsaya a hannunsa.

Na jefar da fatar da ke hannuna na nufi Bature. Malam Sule ya tare ni da laima.

"Ke, koma wurin fatu."

"Fatun ne za su tafi, Malam. Su nake bi."

Na taɓa jin Mai Lofe yana zagin dokinsa da Faransanci, don an ce a ƙasar Faransa ya yi yaƙi. Da shi na yi masa magana, irin Faransancin zaure, mai karyayyen baya. Na ce, ranka ya daɗe, a wurin mutanen nan babban mutum ba ya buɗe bakinsa a gaban wanda yake jin nauyi. Ko ruwa zai sha, ta ƙarƙashin amawali yake sha. Da ya ja shi sama da ka iso, girma ya ba ka. Abin da aka ce ya yi yanzu daidai yake da a ce ka tuɓe wando a tsakiyar kasuwa. Ga raƙuma can ana ɗaura musu kaya, Damagaram za su.

Lofen ya kusa faɗowa daga bakinsa. Ya ce, amma ai shi ma hularsa ya cire masa, a ƙasarsu haka ake girmama mutum. A nan na gane ashe ɓarnar biyu ce. Na ce ya tsaya inda yake, kada ya mayar da hular, kada kuma ya shiga inuwa.

Na sami Madugu yana riƙe da akalar taguwarsa. Na durƙusa na gaishe shi da Buzanci, gaisuwa cikakkiya, duk da cewa lokaci na ƙurewa. Ba a yanke wa Buzu gaisuwa don ana sauri.

"Ɗiyata," in ji shi, "ki ce wa babanki na gode da shekarun. Mutum ya zo mini kai tsirara kamar wanda za a yi wa aski, na kau da ido. Sa'an nan ya aiko in tuɓe."

"Kawu, ka taɓa ganin Bature tsaye a ranar Maigatari ba hula? Su abin da suke buɗewa ke nan in sun ga babba. Leƙa ka ga ƙeyarsa."

Ya leƙa. Ƙeyar ta yi ja wur kamar kilishin da aka shanya. Ya daɗe yana kallo.

"Don ni yake gasa kansa?"

"Don kai."

"Je ki ce ya rufe kansa. Na yafe masa girmamawar." Na ga gefen idonsa ya motsa, alamar dariya. Sai ya ɗaure. "Shi baƙo ne, daga bayan teku. Mai laimar fa? A ƙasarsu ake rina turkuɗin nan da ke kaina. Kakanninsa sun sayar wa kakannina. Bai taɓa tambayar abin da muke yi da shi ba?"

Wannan tambayar na bar wa mai laima abarsa.

Madugu ya dawo rumfa. Mai Lofe, don ya nuna ya fahimta, ya zaro hankici zai ɗaure bakinsa. Na ce ranka ya daɗe mayar da shi aljihu, ba tashe muke ba. Aka zauna, ni a tsakiya, Buzanci ta dama, Faransanci ta hagu, Hausa ga Baba. Malam Sule da Turancinsa suna gefe suna hutawa. Madugu ya yarda zai ci gaba da sauka gidanmu, zai kuma kawo wa kamfani fatunsa. Amma kayan bana ya raba su biyu. Ya ce rabi na Fatoma ne, a sauke. Rabi na mai laima ne, wannan rabin za a kai Damagaram. Baba ya shafa fatiha. Da azahar muna tsaye raƙuma goma sha wani abu suka tsallake iyaka da fatu mafi kyau da na gani a shekarar.

Bayan wata guda takarda ta zo daga Kano. Manaja yana yaba wa Malam Sule bisa hikimar da ya nuna wajen shawo kan Madugu. Ba abin mamaki ba ne, shi ya rubuta rahoton. Aka ƙara masa girma, aka mayar da shi Gumel. Ni kuma aka aiko mini da sandar sabulu biyu. Na gane saƙon, na yi wanka.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, harshe kaɗai ba ya ciniki. Malam Sule ya fi ni Turanci, Hausarsa ma ta fi tawa daɗin ji, kuma bai yi kuskuren kalma ko ɗaya ba. Mutumin da ke gabansa ne bai sani ba, kuma yana ganin tambaya ƙasƙanci ce. In baƙo ya yi abin da ba ku gane ba, ku rufe baki ku tambayi wanda ya girma da su, ko da mai warin fata ce.

Da kaka ta zagayo, ayarin Madugu ya tsaya a bayan gari, bai shigo ba. Ya aiko mutum guda ya tambayi wanda ke zaune a tsakiyar rumfa bana. Aka ce 'yar Fatoma ce. Sa'an nan muka ji raƙuma suna gurfana a bayan gida, Baba ya ci gaba da jan carbinsa.