Dami Uku na Irin Ƙungiya

Ban iya waƙa ba, rawa ma in na taka sai a yi dariya. Baki ne ya sa anka naɗa ni magajiyar ƙungiyar wasa ta garinmu. In na ce mata su fito da la'asar, suna fitowa, ko suna ƙunƙuni. Shekara bakwai na yi ina riƙe da wannan aiki, kuma duk cikinsu abin da ke dawo mini kullum shi ne gero dami uku.

Garinmu na tsakanin Cadakori da Gidan Runji. Mu huɗu ke jan ƙungiyar. Akwai shugaba, tela ne, ƙanen mijina, ya zauna Maradi shekara biyu ya dawo da agogo da son taro. Akwai mushen lakol, wato malamin makarantar boko, shi ke rubuta abin da anka ce. Akwai sarkin kiɗa, tsoho mai kalangu, kunnensa ɗaya ya mutu. Sai ni, can gefen tabarma.

Ƙungiya na da gona, ana yi mata gayya kowace damina. Abin da anka samu shi muke ci in mun fita wasa. Iri kuwa, tun kafin ni, ɗakin magajiya ake rataye shi, don namiji ba ya shiga ɗakin matar wani ya miƙa hannu sama. Waɗanda sunka tsara haka sun san maza.

Wasan da anka san mu da shi lugude ne. Turmi shida, mata goma sha biyu, kowace ta jefa tabarya sama ta tafa ta cafe, kalangu na bin sautin turmi. Da sussuka ce muke yi da sauƙi, don ƙwaya ba ta mutuwa a sussuka. Namu surfe ne, ana yayyafa ruwa, kuma geron da anka surfa ba ya tsira har abada. In an gama sai a miƙa wa manyan baƙi fura a ƙwarya.

Sai fari ya zo, na biyu, lokacin mulkin soja. Gero ya bushe a tsaye. Maza sunka watse Najeriya, har da mijina. Munka koma ga hanza, ƴaƴan wani icen daji masu ɗaci kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa kafin su ciwu. Gida gida an cinye iri. Ni da shuka ta zo a wannan shekara na hana a zuba na ƙungiya duka, na rage dami uku, ana ta ce mini mai rowa. To su ne sunka saura rataye bisa gadona, kuma babu wanda bai san da su ba.

Da bazara takarda ta zo. Za a yi gasar ƙungiyoyin wasa a Gidan Runji, manya za su zo daga Maradi. Shugaba ya tara mu da hantsi gindin gawo, yana duba agogo kamar akwai inda za mu.

«Magajiya,» ya ce, «ki sauko muna da dami ukun nan. Biyu na gwaji, ɗaya na ranar wasa.»

Na ce, «Tela, zare ya shiga kanka ne?»

«Matata, ki saurara.» Haka yake ce mini, wasan ƙanen miji. «Garin da ya yi suna a gaban manya, shi motar taimako ke fara tunawa. Na zauna birni, na san yadda ake yi.»

«Birnin da ka zauna, wando nawa ka ɗinka? In ruwa ya zo me za mu shuka, agogonka?»

Mushe ya sa baki, da ladabinsa. «Inna, yanzu ƙungiya da ƙa'ida take tafiya. Mu ɗaga hannu, inda anka fi yawa shi ke nan.»

Shugaba ya ɗaga. Mushe ya ɗaga. Sarkin kiɗa ya dubi wannan ya dubi wancan, shi ma ya ɗaga, ina jin bai ji rabin maganar ba. Mushe ya rubuta uku da ɗaya.

Na ce, «Kun gama? To wanda ya ɗaga hannu ya zo ya ɗaga shi cikin ɗakina in gani.»

Na kaɗe zanena na tafi.

Tun daga ranan ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In na je rijiya, guga bai taɓa ruwa ba hankalina ya koma gida. In na zauna tsakar gida sai in tashi in leƙa ɗaki in ƙirga, ɗaya, biyu, uku, in fito, in sake komawa. Na ɗaure ƙofa da igiya, ɗaurin da ni kaɗai na sani. Maza ba su zo ba, na san ba za su zo ba. Mata ne sunka zo, kuma su babu al'adar da ta hana su shiga.

Akwai wata ƙaramar uwa cikin masu luguden, ita ta fi kowa iya jefa tabarya. Ta shigo da ɗiyarta a baya, wuyan yarinyar kamar sillen kara. Ba ta zauna ba.

«Inna, in an surfa ai mu za mu ci. Ko dusar ce a ba mu.»

Na ce, «In kin ci yau, baɗi fa?»

Ta ce, «Wa ya ce miki muna kai baɗi?»

Sai na yi mata tsawa. Haka nike, in magana ta fi ƙarfina sai in ɗaga murya. Da ta fita na hau gado na zaro zangarniya ɗaya, wai in duba ko ƙwaro ya shiga. Na murje ta a tafin hannu, na shinshina, na watsa a baki. Na tauna har ta ƙare. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai da na koyi rubutu da furfura a kaina, na ga takarda ba ta harara, shi ya sa na sa shi nan.

Gasa ta matso, ba a yi gwaji ko ɗaya ba. Mushe ya ce a daka turmi haka nan, babu komai ciki, wa zai leƙa? Sarkin kiɗa wannan karon ya ji sarai. Ya ajiye kalangu ya ce, «Yaro, ba a dakan turmi wofi. Yunwa ake kira. Wadda ke nan ba ta ishe ka ba?» Mata ma sunka ce ko an yanka su ba su yi.

Na ce, «To mu daka abin da muke dakawa a gida. Hanza.»

Shugaba ya riƙe kai. «A gaban manya? Kina so ki tona muna asiri?»

«Asirin me? Dubi wuyanka cikin rigar nan.»

Ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni. Amma babu wata dabara, kuma ya riga ya aika cewa muna zuwa.

Jaki ɗaya ya rage mai iya jan amalanke, shi ya ɗauki turame. Mu munka bi da ƙafa tun da asuba. Fili ya cika, an kafa rumfa, manya na zaune kan kujeru da tabarau. Garin da ya riga mu sun yi rawa da sababbin zannuwa, ban san inda sunka samo su ba. Da anka kira mu, mata sunka jera turame, na bi ina zuba hanza, shugaba ya koma bayan rumfa kamar ba tare muke ba.

Gero in ana surfa shi, turmi na amsawa da murya mai kauri, har cikin ƙirji kake ji. Hanza kuwa ƙwas ƙwas take yi, kuma tana tsalle. Tana fita daga turmi tana gangarawa har ƙafafun kujeru. Kalangu ya nemi sautin da zai bi ya rasa. Matan nan sun yi iyakar yinsu, ƙaramar uwar nan ta jefa tabarya ta tafa sau uku kafin ta cafe, da ɗiya a bayanta. Ba wanda ya yi guɗa. Matan da ke kallo sun gane sautin tun bugun farko, don shi suke ji a gidajensu. Wata tsohuwa kusa da ni ta ja mayafi ta rufe baki.

Da anka zo wurin miƙa fura, na ɗauki ƙwaryar dafaffiyar hanza da na taho da ita, na durƙusa gaban babban cikinsu. Na ce, «Ranka ya daɗe, furarmu ke nan bana.» Ya ɗauki ƙwara ɗaya. Bai ci ba, bai yar ba, tana hannunsa har anka tashi.

Mu munka zo na ƙarshe. A hanyar komawa shugaba ya yi gaba shi kaɗai, ba ya waiwaye.

Motar taimako mai ɗauke da jar dawa ta je garin da ya ci gasar. Mu sai bayan mako uku ta iso. Wasu sun ce don gasar ne, mushe ya ce a'a, garin can bakin hanya yake. Cikin mako ukun nan ɗiyar ƙaramar uwar ta rasu. Na je gaisuwa, ta amsa wa kowa ban da ni.

Ruwa ya sauka a ƙarshe, mai yawa, har ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya. Na sauko da dami ukun na sussuke su a ƙofar gida, na sa ƙaramin ƙoƙo, kowane gida ɗaya. Gonar ƙungiya ba ta samu komai ba, ban kuma tara kowa a ɗaga hannu ba. Ƙaramar uwar ta zo ta shimfiɗa bakin zanenta, na zuba mata biyu, ta ƙulle ta juya.

Shugaba ne ya zo a ƙarshe, bai taho da ƙwarya ba. Ya cire hula ya miƙo.

«Matata, zuba.»

Na zuba. Ya dubi cikin hular ya ce, «Da kin ba mu dami ɗaya tak, da mun ci.»

Na ce, «Wataƙila.»

Geron ya yi. Har yau irinsa ne a wasu gonakin garin, gajere mai saurin nuna. Mutane in sun tuna suna sa mini albarka, ni kuwa sai in tashi daga wurin. Dami ɗaya shugaba ya ce. Da biyun sun ishi shuka ko ba su isa ba, na auna a kaina ya fi sau dubu, da ƙoƙon nan, gida gida. Wata rana ya isa, wata rana bai isa ba.