Ranar da Iya Ta Tsaya Jiran Motar Ilori

Surukata ta yi shekara da shekaru tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, don haka tana jin Hausa kamar jakin Kano. A rumfarta na haɗu da ɗanta, Bayarabe ɗan Ilori, muka yi aure. Bayan mun dawo Landan na haifi 'yarmu, sai ya ɗauko ta don ta yi mini wankan jego, daga nan ta zauna. Iya nake kiranta. Da Hausa muke faɗa, da Hausa muke shiryawa, kuma wallahi ta fi ni iya baƙar magana.

Ciwon mantuwa ya shigo mata a hankali. Ɗan Turancin da ta tsinta a nan shi ya fara tafiya, ba wanda ya damu. Sai wata safiya na durƙusa na ce, "Iya, ina kwana?" ta dube ni shiru kamar na yi mata yaren China. Hausar ma ta tafi. Abin da ya rage mata Yarbanci ne zalla, ni kuwa ban da gaisuwa da sunan abinci ba abin da na iya. 'Yarmu, wadda lokacin ta kusa gama sakandare, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Yarbanci kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta sani ba, don ubanta Turanci yake yi mata tun tana goye. Shi kaɗai ke iya magana da Iya, kuma direban bas ne, yini yake a kan titi.

Iya ta taɓa fita sau ɗaya, maƙwabta suka tsinto ta a gindin bene. Bayan nan wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta zo, ta sha shayina, ta ce cikin murmushi idan hakan ta sake faruwa dole a duba batun kai ta gidan kula da tsofaffi. Na san irin gidajen nan. Ba laifinsu, amma wa zai ji ta a can in ta ce cikinta na ciwo? Tun daga ranar tsoro ya zauna mini a ƙirji, ko ƙofar banɗaki aka buɗe sai na zabura.

Wata Asabar da rana ina soya albasa, fankar kicin na ta ƙara. Na leƙo falo in tambayi Iya da hannu ko za ta ci amala, na ga kujerarta wayam. Ƙofa a buɗe. Mayafinta babu, jakarta babu.

"Innalillahi! Ina kakarki?"

'Yata ta zare abin jin waƙa daga kunnenta tana kallona. Ban jira ta ba, na kashe wuta na sauka a guje da silifas ɗin banɗaki. Na kira maigidan, waya a kashe, yana kan sitiyari. Na ce wa 'yar ta bi hannun dama, ni na bi hagu.

Wanda bai taɓa neman tsohuwa a Old Kent Road ba bai san yawan motocin titin nan ba. Bas na bin bas, manya-manya, duk wadda ta taka birki sai na waiga. Na shiga shagon masu doya da busasshen kifi, na shiga wurin kitso, ina nuna tsayinta da hannu. Kowa ya girgiza kai. Ina tafe ina addu'a ina zagin fanka, ina zagin albasa, ina zagin mijina da ba ya nan. Sai waya ta yi ƙara. 'Yata ce, ta ce ta gan ta a wurin jiran bas, amma in yi sauri, akwai 'yan sanda.

Na iske Iya zaune a kan benci, ta rungume jaka, ta ɗaura mayafi a ƙugu irin na mai shirin tafiya. 'Yan sanda biyu, mace da namiji, suna tsaye a gefe. Wani direba ne ya kira su, don ya gan ta tana taka titi tana tare motoci. Kafin in ƙarasa, 'yata ta yi abin da duk yaron Landan zai yi. Ta tsaya ƙerere a kan kakarta, ta zuba mata ido cikin ido, ta kama wuyan hannunta tana ja, tana cewa da Turanci ta tashi mu tafi gida.

Tas! Iya ta ɗauke ta da mari.

Na ga 'yar sandar ta kai hannu kan rediyonta. Na zube a ƙasa na ce, "Iya, ni ce, don Allah ki yi haƙuri ki taso." Ta ja jakarta gefe kamar zan fizge, ta ɗaga murya tana zuba Yarbanci, tana nuna mu, mutane suka fara taruwa. Namijin ya ce mini a hankali idan ba za ta bi mu da kanta ba, sai sun kira motar asibiti, kuma dole su sanar da hukuma. Na roƙe shi ya ba ni ɗan lokaci. Lokacin me? Ni kaina ban sani ba. Bakina cike da magana, babu ko ɗaya da za ta shiga kunnenta. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Sai ga wata mata ta ratso taron, dattijuwa mai ƙiba da ƙaton ɗaurin kai, da alama daga wani coci da ke cikin sito nan kusa ta fito. Ba ta kalli kowa ba. Ta ajiye jakarta, ta sa gwiwoyinta biyu a kan jiƙaƙƙen siminti, da leshinta mai tsada, ta sunkuyar da kai ta fara gaisuwa. Gaisuwar Yarbawa ba ta ƙarewa: ta gaishe ta da zama, ta gaishe ta da sanyi, ta gaishe ta da jira. Can sai Iya ta amsa, muryarta ta sauko. Suka yi ta magana, matar ba ta tashi ba.

Ta juyo ta ce mana da Turanci, "Motar Ilori take jira. Ta ce mahaifiyarta ba lafiya, an aiko ta zo." Sannan ta harari 'yata. "Ke ce kika ja hannunta a tsaye? Ta ce wata 'yar iska marar tarbiyya ta so sace ta. Na ce mata jikarta ce, ta ce a gidansu ba a haifi wadda za ta tsaya a kan babba ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, shatin yatsu a kumatunta.

Ban san abin da matar ta faɗa wa Iya ba, ina jin ce mata ta yi motar yau ta wuce. Iya dai ta miƙe, ta ba matar jakarta ta riƙe. 'Yan sandan suka dubi juna, suka ce tunda ta tafi da ƙafarta, shi ke nan na yau. Muka taho, su biyu a gaba suna hira, mu a baya kamar 'yan rakiya.

A ƙofar gida aka sake cijewa. Matar ta ce ita fa za ta koma, ana jiranta. Iya ta ga za ta tafi, ta dubi ƙofarmu, ta ja da baya ta riƙe ƙarfen bene. Na san in ta juya ba mai iya tsayar da ita.

"Yau kun same ni," in ji matar. "Gobe fa?" Ta kamo 'yata ta tura ta cikin gida, ta danna kafaɗarta ƙasa. "Gwiwa biyu. Kar ki kalli idonta. Ki ce, e kaabo, Mama. Sannu da zuwa ke nan."

Yarinyar ta durƙusa ta faɗa, harshe a karkace. Ta sake faɗa. Iya ta daɗe tana kallon tsakiyar kan jikarta. Sai ta saki ƙarfen, ta tako ta shigo, ta ɗora tafin hannunta a kan yarinyar ta fara magana, doguwa, mai hawa da sauka. Ko ban iya ba na gane addu'a ce. Na zube kusa da 'yata na tura ƙofa da ƙafa.

"Mama, me take cewa?" ta raɗa mini, hawaye na zuba.

Na waiga in tambayi matar, ashe ta riga ta sauka. Na ce, "Ke dai ki ce amin."

Muka yi ta cewa amin, ni da ita, duk inda Iya ta ja numfashi. Ta daɗe tana yi, har gwiwoyina suka yi tsami. Da uban yarinyar ya dawo muka roƙe shi ya tambayi Iya, ta ce ita ba ta yi wa kowa addu'a ba. Har yau ba mu san abin da ta roƙa wa jikarta ba.