Telan Jirgi Ya Zama Fasinja

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur ya san Haliru Tela, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura tsilli-tsilli a gemu, wanda ake gani da hantsi yana zagaye ginin da suke haya, hannu a baya, ya kai bakin tashar jirgin ƙasa ta LRT ya juyo, ya sake komawa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, irin manyan nan masu bene goma sha biyar, kuma a cikin Hausawan Kuala Lumpur babu wanda ya kai shi kwana a kan teku.

Ɗan Fagge ne, a shagon mahaifinsa ya koyi ɗinki. Ya zo Malesiya karatun aikin otal, aka tura shi koyon aiki wani otal a Bukit Bintang, sashen wanki da guga. Wata rana kwat ɗin wani baƙo ta yage a kafaɗa, saura awa ɗaya ya shiga taro. Haliru ya karɓa ya yi mata ɗinkin hannu, mai ita ya laluba ya laluba bai ga wurin ba. Ashe mutumin shi ke ɗaukar wa wani kamfanin jiragen ruwa ma'aikata. Bayan wata huɗu, Haliru da bai san wani ruwa ba bayan na Tiga, ya samu kansa a wani ɗaki mara taga can ƙasan jirgi, da keken ɗinki biyu da tufafin ma'aikata sama da dubu a wuyansa. Rage wando, sa maɓalli, canza zif, kalmasa, daga safe har yamma. Lokacin korona wata biyar jirginsu ya yi tsaye a ruwa babu fasinja, ya yanka tsofaffin zannuwan gado ya ɗinka wa kowa takunkumi.

A wani hutu ya auri Walida, malama a wata kwaleji a Katsina. Da ta samu tallafin karatun digiri na uku sai ta zaɓi Kuala Lumpur, saboda jirginsa yana tsayawa a tashar Port Klang da ke kusa da birnin duk bayan 'yan kwanaki. Yakan sauko da sassafe, ya zo gida ya ci tuwo, ya ɗauki 'yarsu Ruƙayya ya ajiye, kafin la'asar ya koma. Haka suka yi shekara uku. Sai bara, a gwajin lafiya na sabunta kwantiragi, likitan kamfani ya ga jininsa ya hau, ya ƙi sa hannu. Ya ce ya je ya huta wata shida ya dawo.

Hutun nan shi ya fi komai wahalar da shi. Ya ninke tawul ɗin gidan kaf irin ninkin jirgi. Ya kwance labulen falo ya rage masa tsawo da hannu, ya ga bai yi ba, ya warware ya mayar. Walida na kan tebur tana rubutu, shi kuma yana kai da kawo tsakanin kicin da baranda.

"Baban Ruƙayya, don Allah ka zauna wuri ɗaya. Kana ɗauke mini hankali."

"Ai yanzu na tashi."

"Sau bakwai ka buɗe firij, ba ka ɗauki komai ba."

Sai ya zura takalmi ya sauka ƙasa.

Ana cikin wata na huɗu maƙwabcinsu Badamasi ya tare shi a bakin lif. Badamasi ya gama digiri na biyu, mahaifiyarsa Hajiya Ɗelu ta zo daga Ringim don bikin yayewa, yana so ya kai ta yawon kwana uku a jirgin ruwa kafin ta koma. Suka zauna a mamak ɗin ƙasan gini, shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, kowa da kofinsa. Haliru ya ja kujera gaba. Wata huɗu rabonsa da wani ya tambaye shi abin da ya sani.

"Fara da bizarta," ya ce. "In ta shiga ɗaya ce, kada ka ɗauki jirgin da zai taɓa wata ƙasa. Ɗauki mai zuwa Penang da Langkawi ya dawo. Ɗaki kuma, kada ka ruɗu da na sama mai baranda. Nemi na tsakiyar jirgi, bene na ƙasa-ƙasa, nan ne ba a jin girgiza sosai."

Badamasi yana rubutawa a waya.

"Maganinta da hijabi ɗaya da fasfo su zauna a jakar hannu, domin akwatuna ba sa isa ɗaki sai yamma. Ka tafi da ƙaramar buta. Ka tafi da citta busasshiya. In zuciya ta fara tashi, kada a kwanta a ɗaki, a fito a kalli can inda ruwa ya haɗu da sama, a ajiye waya. Ranar farko kada a ci mai maiƙo."

"Salla fa, Yaya Haliru? Na ji an ce jirgin juyawa yake."

"Akwai tashar talbijin a ɗaki da ke nuna inda ya dosa. Ka duba, ka daidaita alƙiblarka, ka tayar. Ni haka wani malami ya gaya mini, haka nake yi. Sai abu na ƙarshe, kuma shi ne babba. In kun sauka gari, lokacin da aka ce a dawo shi ne lokaci. Na sha ganin mutane da ledojin tsaraba suna gudu a kan gada, jirgi ya riga ya ja baya. Ba ya jiran kowa."

Washegari Badamasi ya dawo da wata magana. Hajiya ta ce ita ba ta shiga ruwan da ba a ganin gaɓarsa sai in mutumin da ya san ruwan yana ciki. Haliru ya fara kawo uzuri. Walida ba ta ko ɗago kai daga kwamfuta ba.

"Je ka. Babi na huɗu nake son gamawa."

Jirgin da suka samu shi ne dai wanda ya bari. Ranar tafiya ya ga kansa a layin fasinjoji, ana yi masa murmushi ana miƙa masa katin ɗaki. Shekara goma sha ɗaya ta ƙaramar ƙofar ƙasa yake shiga, tare da buhunan albasa. Mai sabis ɗin da ya yi musu jagora baƙo ne gare shi, amma ido ɗaya Haliru ya yi wa ƙafar wandon mutumin ya gane kalmasar hannunsa ce.

Hajiya Ɗelu, wadda aka yi duk shirin don ita, ko gezau. Da aka yi wa fasinjoji atisayen gaggawa, ta sa rigar ceto ta tambayi inda usur ɗinta yake. Da gari ya waye ta sa aka kai ta benen sama, ta zaɓi kujera a inuwa, ta fito da carbi. Badamasi ne ya cika faranti da soyayyen kifi da taliya, ya zauna yana aika hotuna gida, kafin azahar yana rungume da bokiti.

Shi kuwa Haliru ya rasa inda zai sa kansa. A wurin cin abinci ya tashi zai kwashe faranti, yarinyar da ke aikin ta karɓe tana ba shi haƙuri. Ya zauna a kujerar da ke kusa da Hajiya, bai yi minti biyar ba ya miƙe. Ya zagaye jirgin daga hanci zuwa wutsiya, ya ƙirga kwale-kwalen ceto kamar an sa shi. A Penang ya rako su gari, amma tun saura awa biyu yake duba agogo, har Hajiya ta ce, "Kai ɗan nan, bar ni in zaɓi zanen nan cikin natsuwa." Da safiyar da suka tunkari Langkawi, tsibirai suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya, koraye shar, fasinjoji suka taru a bakin ƙarfe suna ɗaukar hoto. Ya wuce ta nan ya fi sau ɗari uku, bai taɓa ganinsu daga sama ba. Ya tsaya ya kalla, amma hankalinsa yana can ƙasa, yana lissafin cewa yau Laraba, ranar da masu kicin ke kawo rigunansu.

Bayan azahar ya kasa jurewa. Ya je ya tsaya a bakin ƙofar da aka rubuta ta ma'aikata ce kaɗai, har Agus ya fito. Agus ɗan Indonesiya ne, shugaban sashen wanki, shekara takwas suna ɗaki ɗaya. Suka rungumi juna. Agus ya ce fasinja ba ya sauka ƙasa, amma ya je ya roƙi babbansu, aka ba su minti goma.

Matakalar ƙarfe, zafi, ƙamshin sitati, ƙugin inji a tafin ƙafa. Haliru ya ji kafaɗunsa sun sauka. Yana tafe yana ƙiyasta tulin kayan da zai tarar, domin ya san babu mai iya ɗaukar aikin nan shi kaɗai in ba wanda ya saba ba. Agus ya tura ƙofa. Wata dattijuwa 'yar Filifin, Marisol, tana kan kekensa da tabarau a karan hanci. Ta juya kekunan biyu sun fuskanci ƙofa, ta jera zare launi-launi a bango. A kan maratayin da ya saba gani cike, riga uku ce kawai.

Ta tashi ta gaishe shi da girmamawa, ta ce ta ji labarinsa wurin kowa. Ya ɗauki wata riga da ta gama, ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da babban yatsa. Babu abin cewa. Ya yaba mata, ya gaya mata ƙaramin keken yana son mai duk sati, ta ce ta lura. Minti goman bai cika ba ya ce wa Agus su tafi.

Ya samu Hajiya a kujerarta. Ɗazu iska ta fizgi mayafinta ya maƙale a ƙarfe, gefensa ya yage kamar taƙi guda, ta cusa shi a jaka. Ta dube shi, ta dubi hannuwansa da ke shiga aljihu suna fita.

"Ka je can ƙasan?"

"Na je, Hajiya."

"Sun sa wani?"

"Sun sa. Ta iya aiki."

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ciro mayafin daga jaka ta miƙa masa. "In kana da allura, duba mini wannan. Na kunya ne, surukata ta ba ni."

Yana da ita, a cikin walat, inda take kullum. Ya zaro zare daga gefen mayafin kansa don launi ya zo ɗaya, ya juya wa iska baya, ya fara. Rabin awa ya yi bai ɗaga kai ba. Wata tsohuwa 'yar Malesiya da ke gefe, wadda ta ce wannan tafiyarta ta ashirin da biyu ce, ta leƙo tana cewa ita ma ba ta shiga jirgi sai da allura da ƙananan filoli na riƙe ɗankwali, ta tambaya ko zai duba mata hannun jaka. "Boleh," ya ce, wato zai iya. Da ya gama duka biyun ya mayar da allurar, ya ɗan zauna, sannan ya miƙe ya tafi duba Badamasi.

Da wata shida suka cika ya koma wurin likita. Jinin ya sauka, amma bai kai inda kamfani ke so ba. Likitan ya yi masa bayani a hankali, ya ce ko ya dawo nan gaba da wuya. Haliru ya yi godiya, ya fito, ya hau jirgin ƙasa ya wuce tasharsu da tasha huɗu kafin ya farga. Kwana biyu bai gaya wa Walida ba. Da ya gaya mata, ta rufe kwamfutar ta zo ta zauna kusa da shi, ba ta yi masa wa'azi ba.

Wata maƙwabciyarsu 'yar ƙasar, Kak Zaiton, ta ara masa tsohon kekenta. Kafin ƙaramar salla matan Hausawa daga Setapak har Bukit Jalil sun ji labari, atamfofi suka cika falo. Har yanzu masu shirin shiga jirgi suna nemansa, kuma ba ya gajiya da maimaita musu komai dalla-dalla, amma duk wanda ya ce ya zo su tafi tare sai ya ce yana da ɗinki.

Walida ta kare bincikenta a watan Maris, kwalejinta na jiranta. Haliru ya kira ƙaninsa ya tambayi shagon mahaifinsu na Fagge, aka ce ai tuni an mayar da shi wurin sayar da waya. Kayansu ta ruwa za su tafi, cikin kwantena, zuwa Legas. Shi ya hana kowa taɓa kwalayen. Yana cusa tsumma a kowane lungu, ya ɗaga kwalin ya girgiza a kunne, in ya ji motsi ya farke ya sake.

Walida ta tsaya a kansa da kofin shayi. "In mun koma, a Katsina za ka buɗe shago ko Kano?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ya kamata mu sani kafin mu tashi."

"Na ji. Miƙo mini salatif ɗin can, wannan kwalin na littattafanki bai ɗauru ba."