Ruwan da Na Zuba a Randar 'Yan Ƙwallo

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, gero ya fara nuna, ina da shekara goma sha ɗaya. Babanmu kuku ne a kwalejin horon malamai ta garinmu, gidanmu kuma yana bayan kicin, dab da filin ƙwallo. Ban taɓa shiga aji ba, jikata Zainab ce take rubuta wannan ina faɗa mata. Aikina a lokacin shi ne in cika randar da ke gindin darbejiya a bakin fili kafin la'asar, domin 'yan wasa su sha idan sun gama motsa jiki. Tulu uku take ci, daga rijiyar masallaci. A ranar na tarar da layi har bakin hanya, guga ɗaya tal, ga ƙawayena can gindin tsamiya sun baza duwatsun carafke suna ƙwala mini kira. Sai na zagaya bayan gonar makaranta, wajen kududdufin da shanu ke sha, na kore gansakuka da hannu na cika tulu. Sau uku na yi haka. Na tace da bakin zanena, na rufe randa da faifai, na ruga wajen wasa. Na cinye su duka a ranar, na koma gida ina tsalle.

Mai horar da 'yan ƙwallon shi ne Malam Sule, dogo siriri, da usur a wuya da wani tsohon keke da ake jin ƙararsa tun daga ƙofar makaranta. Shekara uku ya yi yana haɗa yaran nan. Shi yake ɗinke ƙwallo idan ta fashe, shi yake shiga gaba da lauje a yanke ciyawar fili, ya bi layi yana zuba toka. Duk gari ya san ran Asabar za a yi wasan ƙarshe na cin kofi da kwalejin babban birni. Mahauta har sun ɗaure rago. Ran Juma'a da hantsi ciki ya fara murɗa wa yara, bakwai a cikinsu. Asabar suka shiga fili ƙafafu na rawa. Mai tsaron gida, wani ɗalibi da ake kira Garba, sau biyu yana barin raga ya ruga cikin masara. Aka zura musu biyar, ba su rama ko ɗaya ba.

Kafin rana ta faɗi kowa a garin ya zama gwanin ƙwallo, har waɗanda ba su taɓa sa mata ƙafa ba. A tasha aka ce ya kashe yara da gudu. A rumfar mahauta aka ce son kai ya yi wajen zaɓen 'yan wasa. Tsofaffin ƙofar masallaci suka ce girman kai ya hana shi neman addu'a. Ba wanda ya tambayi abin da yaran suka sha. Mu 'yan mata muka ƙaga masa waƙa muna yi a bakin turmi: "Malam Sule mai usur, an ba ka biyar, ina taka?" Muryata ta fi ta kowa tashi, don ina tsoron in na yi shiru a gane ni. Dattawa suka je wajen shugaban makaranta, ba a yi wata guda ba aka karɓe usur ɗin, aka tura shi wani ƙauye mai nisa.

Ranar da zai tafi ya biyo ta kicin yin sallama da Baba, ya same ni ni kaɗai ina kankare tukunya. Ya jingine keken, ya dube ni, ya ce, "Mairo, na ga laka a ƙafarki ran Alhamis. Babanki yana da bakuna takwas da yake ciyarwa. Daga yau ki riƙa bin layin rijiya." Ya hau kekensa ya tafi. Ashe ya sani tun farko. Da ya buɗe baki, Baba za a kora, shi ya sa ya tsaya aka yi ta yi masa waƙa, har da ni.

Bayan shekara takwas Allah ya haɗa ni aure da Garban nan mai tsaron gida. Mun yi zaman da ya haura shekara arba'in, rabinsa a nan New York, yana kasa jakunkuna da huluna a bakin titin Canal Street, sanyi da zafi. Yana son ba da labarin wasan nan, yana kwaikwayon yadda ya ruga masara har baƙi su riƙe ciki don dariya. Amma kullum a ƙarshe sai fuskarsa ta canza ya ce, "Ni na ja wa Malam. Da na daure na tsaya a raga, da ba a kore shi ba." Ni kuwa ina gefe ina zuba shayi. Bara da sanyi ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na zauna a bakin gadonsa na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ji kaina ina tambayarsa ko a ƙara masa bargo. Ya tafi yana ɗauke da laifina a matsayin nasa. Zainab, bar alƙalamin tukuna, in share fuskata.

Abin da ya tayar mini da wannan shi ne jikana Habibu, yayan Zainab, yana buga wa kwalejinsu irin ƙwallon nan ta Amurka da ake runguma a ƙirji a ruga da ita. Bana an yi ta cin su. Ɗana Nura, ubansu, idan ya ajiye tasi ya shigo gidanmu na unguwar Tremont, waya na hannunsa, yana karanta abin da magoya baya ke rubutawa a kan kocin, wato mai horar da su. A shagon da suke taruwa a titin Grand Concourse ma, 'yan Nijar da 'yan Ghana duk bakinsu ɗaya. Yanzu wai sunaye ake tarawa a waya don makaranta ta sallame shi. Nura ya ce mini, "Mama, mutumin nan bai san aikinsa ba, ko ke kya fi shi!" Aka yi dariya. Habibu da ya zo hutu yana zaune da kwanon tuwo a gabansa, bai yi dariya ba, yana ta juya loma ɗaya a miya. Ban san abin da ya sani ba, ban kuma san ko kocin nan ya cancanci zama ba. Amma na san irin wannan zaman.

A zamaninmu waƙar ba ta wuce bakin turmi da tasha ba, duk da haka ta raba mutum da aikinsa. Yanzu kowa da turminsa a aljihu, yana daka duniya na ji. Na ce wa Zainab ta karanta wa ubanta wannan takarda kafin ya sa sunansa, sannan ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi a hankali. Malam Sule da Garba sun riga ni gidan gaskiya, ba sauran wanda zan roƙa gafara sai Allah. Layin rijiyar nan bai fi na mutum goma ba.