Rasit a Cikin Zannuwana

Muna unguwar Lamisula, zamanin mulkin soja, takarda ta zo wa maigidana daga ofishin haraji cewa ranar Talata za a zo duba takardunsa. Huluna yake sayarwa, ba ya tsoron kowa, amma kwana uku ya kasa cin abinci. Haushi ya kama ni. Mutumin da bai taɓa tsallake biya ba, me zai tayar masa da hankali?

Rasit ɗinsa duk suna wurina. Gara ta hana shi ajiya a shago, sai in jera su a akwati tsakanin zannuwan da na turara.

Ranar Talata ma'aikacin harajin, wani Kirista daga kudancin Borno, ya yi sallama ya kira cikakken sunan maigida. Na aika shayi zaure, ya ce sai ya gama aiki. Ina bayan labule ina ji. Ya tambayi abin da shago ke kawowa, ya gwada rasit da littafinsa ɗaya bayan ɗaya. Can na ji yana shinshina takarda.

"Alhaji, komai daidai ne. Amma ban taɓa duba takarda mai ƙamshin amarya ba."

Maigida ya yi dariya har da tari.

Yanzu maigida ya daɗe da rasuwa. Rasit ɗin suna nan, tawada ta koɗe, ƙamshin bai tafi ba. Da ma wani zai zo ya neme su, ko na sake jin an kira sunansa a zaure.